Tiyatar gwiwa da mutum-mutumi: yankan ya fi daidai, to sujada fa?

Duk mai tsohuwa ko tsoho da ke fama da ciwon gwiwa a gida, daga Nima har Aboabo, da wuya a ce wannan tallar ba ta taɓa faɗowa cikin wayarsa ba. Hoton wata farar na'ura ne mai dogon hannu, likita a gefenta ya harɗe hannuwa yana murmushi, a ƙasa an rubuta cewa mutum-mutumi ne zai yi aikin, babu kuskure, babu zafi, kwana uku mutum ya miƙe. Yawanci daga dillalan asibitocin Indiya take fitowa, wani lokaci Turkiyya ko Dubai. Farashi kuma kashi biyu ne, na aikin hannu da na mutum-mutumi wanda ya ɗara shi. Daga nan sai zaman iyali, a kira ɗan da ke Jamus da 'yar da ke Amurka, a fara maganar ko za a sayar da fili.

Na ɗauki makonni ina bin abin da likitocin ƙashi suka wallafa a kan wannan batu. Maganar daidaiton yanka gaskiya ce, an auna an gani. Alkawuran da ake ɗorawa a kanta su ne ke buƙatar a tsaya a duba su ɗaya bayan ɗaya, tun kafin kuɗi su bar hannu.

Me ake yankawa?

Mutane da yawa idan suka ji an ce za a sauya gwiwa, sai su ɗauka za a cire ta ne gaba ɗaya a dasa ta ƙarfe. Aikin bai kai haka ba. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwan ne ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, shi ne zafin da ke hana barci. Sai likita ya shafce kusan santimita ɗaya daga ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, ya kifa wa na sama hular ƙarfe, ya kafa wa na ƙasa faranti, ya sa roba mai tauri a tsakani. Galibi da wani irin siminti na asibiti ake manne su.

Wahalar tana wajen kusurwar yankan. Tun shekarun 1970 da 1980 likitoci suka tsaya a kan cewa idan aka ja layi daga tsakiyar gaɓar kwatangwalo zuwa idon sawu, ya kamata ya ratsa ta tsakiyar gwiwa, domin nauyin jiki ya sauka daidai a kan robar, kada gefe ɗaya ya riga ɗaya cinyewa. Kaucewar da aka yarda da ita digiri 3 ce, ko ta nan ko ta can. Don a gane ƙanƙantar abin: dogon hannun agogo idan ya matsa daga wannan minti zuwa na gaba, digiri 6 ya yi. Rabin wannan ke nan aka ba likita, cikin jini da nama, da zarto a hannu.

A aikin hannu, likita yana zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargon ƙashin cinya, ya ɗora ma'aunai a kanta, ya yanka ta cikin tsagar da ke jikinsu. Sauran kuma ido ne da gwaninta. A shekarar 2007 an tattara bincike da dama aka haɗa sakamakonsu, aka ga cewa kusan kashi 32 cikin 100 na gwiwoyin da aka yi wa aikin hannu sun kauce fiye da digiri 3. Waɗanda kwamfuta ta yi wa likita jagora a aikinsu, tun ma kafin a zo maganar hannun na'ura, kashi 9 ne kawai suka kauce. A 2013 wasu likitoci a Koriya ta Kudu suka raba marasa lafiya 100 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A ɓangaren aikin hannu kashi 24 cikin 100 sun fita daga iyakar. A ɓangaren mutum-mutumi ko ɗaya bai fita ba.

Wannan kam babu gardama a kansa. Binciken da aka yi ta yi bayan nan, a London da Amurka da Ostireliya, duk hanya ɗaya suka nuna: na'ura tana yanka inda aka tsara mata, sau da yawa kuskurenta bai kai milimita ɗaya ko digiri ɗaya ba.

Likita ne dai ke riƙe da zarton

Sunan mutum-mutumi yana ruɗar mutane. Babu wani ƙarfe mai kai da ƙafafu da zai shigo ɗakin tiyata likita ya koma gefe yana shan shayi. Ɗauki Mako, na kamfanin Stryker, wadda ta fi kowacce yaɗuwa. Kafin ranar aiki ana ɗaukar hoton CT na ƙafar, kwamfuta ta gina siffar ƙasusuwan mutum, likita ya zauna ya tsara girman ƙarfen da inda zai zauna. Ranar aiki likita ne zai tsaga fata da hannunsa, ya kafa ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri, ya ɗaura musu alamomin da kyamara ke bi, ta yadda ko ƙafar ta motsa kwamfuta ta san inda take. Zarton yana maƙale a hannun na'ura, likita ne ke tura shi. Da zarar ya nufi wajen iyakar da aka shata, sai hannun ya cije, zarton ya tsaya.

Sauran kamfanonin kowa da tasa dabarar. CORI ta Smith & Nephew ƙaramar abin goge ƙashi ce da ake riƙewa a hannu, ba ta buƙatar CT. VELYS ta Johnson & Johnson ta samu izini a Amurka a 2021. ROSA ta Zimmer Biomet ita ba ta yanka ma, ma'aunin take riƙewa a daidai wurin, likita ya yanka da kansa. Ita ROSA akwai abin da ya kamata mu sani game da ita: wanda ya kafa kamfanin da ya fara ƙera ta a Montpellier ta Faransa, Bertin Nahum, a Dakar aka haife shi, iyayensa 'yan asalin Benin ne. Na'urarsa ta farko ma ta tiyatar gwiwa ce, ya sayar wa Zimmer fasaharta a 2006, sannan ya koma kan tiyatar ƙwaƙwalwa, bayan shekara goma Zimmer Biomet ta saye kamfanin nasa ɗungurungum.

Maganar saye da sayarwa ta kawo mu ga kuɗi. Stryker ta sayi kamfanin Mako a 2013 a kan kusan dala biliyan 1.65. Na'ura guda tana haura dala miliyan ɗaya, ban da kuɗin kula da ita duk shekara da kayan da ake jefarwa bayan kowane aiki. Asibitin da ya zuba wannan kuɗin dole ya nemo inda zai fanshe, shi ya sa hotonta ne a gaban kowace talla. Kuma galibin na'urorin da ƙarfen kamfaninsu suke aiki, sau da yawa wanda ya zaɓi na'ura ya riga ya zaɓi ƙarfen da za a sa masa.

Daidai da me?

A nan ne labarin ya fara sarƙewa. Asibitin Mayo da ke Amurka ya bi diddigin gwiwoyi 398 da aka yi wa aiki tsakanin 1985 da 1990. Guda 292 suna cikin iyakar digiri 3, guda 106 sun kauce. Bayan shekara 15 aka duba, sai ga shi waɗanda suka kauce ba su fi lalacewa ba. Aka sake dubawa a shekara ta 20, labarin bai sauya ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na likita Young-Hoo Kim da abokan aikinsa a birnin Seoul, wanda ya fito a 2020. Mutum sama da 1,300 ne, duk 'yan ƙasa da shekara 65, rabi da mutum-mutumi rabi da hannu, aka bi su shekara 13 a matsakaici. Zafi, lanƙwasuwar gwiwa, iya tafiya, duk babu bambancin a zo a gani. A lissafin shekara 15, kashi 98 cikin 100 na ƙarafan suna nan daram a kowane ɓangare. Masu kare na'ura suna cewa tsohuwar ƙira ce aka gwada a can, sababbin sun fi ta, kuma suna da hujja. Sai dai sababbin ba su kai shekarun da za a yi musu irin wannan hisabin ba. Mako a 2017 aka fara yaɗa ta don sauya gwiwa gaba ɗaya, ROSA a 2019. Duk dillalin da ya ce maka aikinsu zai fi daɗewa da shekara kaza, ka tambaye shi a ina ya ƙirga shekarun.

Akwai ma wata tambayar da ta fi wannan zurfi. A 2012 wasu likitoci a Beljiyam suka auna ƙafafun matasa 250 masu ƙoshin lafiya, waɗanda babu abin da ke damun gwiwarsu. Kashi 32 cikin 100 na mazan da kashi 17 na matan, ƙafafunsu a ɗan lanƙwashe suke kamar baka, da digiri 3 ko fiye, haka Allah ya halicce su. To idan irin wannan mutumin ya tsufa aka miƙar masa da ƙafa sambal, an gyara masa ne ko an ɗora masa ƙafar da jijiyoyinsa ba su saba da ita ba? Likitocin ƙashi har yau sun rabu a kan wannan. Wasu na nan a kan miƙaƙƙen layi, wasu na ganin a mayar wa kowa da irin tasa karkatar ta asali, wasu suna tsakani. Tela zai iya yanka yadi daidai da awon da aka ba shi ba tare da kuskuren zare ɗaya ba, amma idan awon na wani ne, rigar ba za ta zauna ba. Na'ura tana cika umarnin likita ne. Fa'idarta ta gaske, a ganina, ita ce yanzu likita zai iya cewa digiri 2 nake so, kuma ya samu digiri 2, wanda hakan zai sa a iya gwada waɗannan ra'ayoyin a gano mai gaskiya.

Kada kuma a manta da adadin da ya tayar da duk wannan neman gyaran. A lardin Ontario na Kanada an tambayi mutum 1,703 bayan aikin gwiwa, kusan ɗaya cikin biyar suka ce ba su gamsu ba. Babban abin da ya raba su da sauran shi ne abin da suka sa rai za su samu bai samu ba.

Abin da gwaggo ta tambaya

Da aka zo maganar gwaggona, yayar mahaifinmu, mun cika falo ana ta musu a kan digiri da milimita, kowa da wayarsa a hannu. Tana gefe a kan kujerar robar da ta shekara huɗu tana salla a kanta. Da hayaniya ta lafa sai ta ce, "Ku dakata, 'ya'yan nan. Ni abu ɗaya nake so in ji. In an yi, goshina zai taɓa ƙasa?"

Na ce, "Gwaggo, wannan kam sai mun tambayi likita, takardar ba ta faɗa ba."

Kuma ba za ta faɗa ba, domin waɗanda suka ƙera waɗannan ƙarafan da kujera da gado da matakalar bene suka yi lissafi. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 65. Tashi daga kujera kusan 95. Yawancin waɗanda aka sauya wa gwiwa suna samun tsakanin 110 da 125, wanda ya ishi Bature rayuwarsa. Zaman tahiya, inda mutum ke ɗora nauyinsa a kan dugadugansa, yana neman digiri 150 ko fiye. Haka tsuguno a bayan gida irin namu, haka zaman tabarma a wajen suna ko ta'aziyya.

Abin da likitoci suka daɗe da sani shi ne babban ma'aunin yadda gwiwa za ta lanƙwashe bayan aiki shi ne yadda take lanƙwashewa kafin aiki. Wadda ta shekara goma a sandare ba za ta koma ta budurwa ba, ko wace na'ura ta yi yankan. Ƙiba ma tana da nata, don idan cinya ta haɗu da sha-raɓa magana ta ƙare. Sai kuma motsa gwiwar a watannin farko, wanda aikin mai jinya ne da mai gashin ƙashi, kullum, cikin zafi. Durƙuso a kan gwiwar da aka yi wa aiki yana yi wa mutane da yawa wuya, wasu saboda tabon, wasu saboda fatar wurin ta mutu ba sa jin ta, wasu tsoro ne kawai. Akwai masu komawa sujada a ƙasa, musamman da matashi mai laushi a ƙarƙashin gwiwa, akwai kuma da yawa da ke ci gaba da kujera, sai dai yanzu suna takawa zuwa masallaci da ƙafarsu ba tare da zafi ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Malamanmu kuma sun sha bayani a kan hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari, wanda ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara. Amma gara mutum ya san wannan tun kafin ya hau jirgi, da a ce ya dawo yana jin an yaudare shi.

Abin da tallar ba ta ambata

A makonnin farko akwai alamar na'ura tana da ɗan amfani. Wani rukunin likitoci a London ya ruwaito a 2018 cewa waɗanda aka yi wa aiki da Mako sun fi samun sauƙin zafi a kwanakin farko, sun kuma riga sauran barin asibiti da kusan kwana ɗaya. Dalilin da ake bayarwa shi ne zarton ba ya taɓa naman da ke kewaye, kuma ba a zura sanda cikin ɓargo. Sai dai yawancin binciken da ya bi mutane zuwa shekara ɗaya ko biyu ya ga tazarar ta rufe, ko ta rage ƙanƙanuwar da mara lafiya ba zai ji ta a jikinsa ba.

Tana kuma da nata haɗarin. Ramukan ƙusoshin nan na iya ɗaukar ƙwayar cuta, kuma an samu waɗanda ƙashinsu ya karye ta wurin ramin, ko da yake ba kasafai ba. Tsofaffin mata masu raunin ƙashi su ne abin ji a nan. Aikin yakan ɗan fi daɗewa, musamman ga likitan da bai saba ba. Su waɗancan likitocin na London sun ce sai bayan aiki bakwai saurinsu ya daidaita.

Jamusawa sun riga kowa ɗanɗana zumuɗin sabon abu. A shekarun 1990 asibitocinsu suka rungumi Robodoc, wadda aka fara amfani da ita a California a 1992 don tiyatar kwatangwalo. Yankanta ya yi daidai ƙwarai, amma marasa lafiya da dama suka koka da lalacewar nama da ɗingishi, aka shiga kotuna, asibitoci suka ajiye ta. A 2006 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa likitan da zai yi amfani da sabuwar hanya dole ya bayyana wa mara lafiya cewa tana iya ɗauke da haɗarin da ba a gano ba tukuna. Na'urorin yau sun yi wa waccan nisa, amma hukuncin ya dace a liƙa shi a ofishin kowane dillali. Ko a Ingila, da hukumar NICE ta amince da na'urorin tiyata 11 a 2025, shida daga ciki na ƙashi, da sharaɗi ta amince: a yi amfani da su shekara uku ana tattara shaida, sannan a sake zama.

Inda na ga ta cancanci kuɗinta

Wuri biyu ne. Na farko idan gefe ɗaya kawai na gwiwar ya cinye, za a sauya rabi a bar rabi. Wannan aiki ne mai laushi, ƙaramin kuskure yana iya sa a sake buɗewa, kuma gwajin da aka yi a Glasgow a 2016 ya nuna na'ura ta fi hannu saka ƙarfen a inda aka nufa.

Na biyu ya fi shafar mu. Mutum nawa ne a zangonninmu suka taɓa karyewa a cinya ko ƙwauri, a haɗarin mota ko babur, aka kai su wajen maɗori, ƙashin ya haɗe a karkace? Ko waɗanda aka sa wa ƙarfe a cikin ɓargo tun shekaru ashirin da suka wuce yana nan? Irin wannan ƙafar sandar aikin hannu ba ta da hanyar wucewa, ko ta wuce ma ƙarya za ta faɗa wa likita. A nan jagorancin kwamfuta ko na'ura yana warware matsala ta gaske. Wanda ke da irin wannan tarihin ya faɗa wa likita tun a zaman farko, ya kuma tura hoton ƙafar gaba ɗaya daga kwatangwalo zuwa idon sawu.

Ga tsohuwar da ciwonta na tsufa ne kawai, ƙafarta ba ta da wani tarihi, da ni ne mai riƙe da kuɗin iyali, ƙarin da ake nema na na'ura zan ajiye shi don abin da ke zuwa bayan tiyata. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kaiwa shekara 25, kuma waɗannan da hannu aka yi su. Abin da zan matsa a kai shi ne likitan: sunansa, gwiwa nawa yake yi a shekara, nawa daga ciki da wannan na'urar, kuma shi ne zai yi aikin ko yaransa.

Babban abin tsoro a wannan tiyata ƙwayar cuta ce ta shiga ta zauna a jikin ƙarfen. Tana samun mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100, ta fi kama masu ciwon sukari da masu ƙiba, kuma idan ta kama, sau da yawa sai an cire komai, a yi makonni ana allurai, a sake sabon aiki. Ba ta san da zaman na'ura ba. Idan ta bayyana bayan wata biyu, mara lafiya yana Kumasi likitansa yana Delhi, wa zai buɗe gwiwar? Inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan magani a waje, kuma dillalin da ya karɓi kamashonsa ba lallai ya ɗauki waya ba. Ana sauya gwiwa a nan gida, a Korle Bu da asibitin FOCOS da ke Pantang wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, kuma ko wanda ya ƙudura sai ya fita, ya kamata ya fara ganin likitan ƙashi a nan, wanda zai yarda ya karɓe shi idan ya dawo, a kuma shirya mai gashin da zai bi shi wata uku.

Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan aiki tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, saboda haka ranar dawowa likita ne zai sa ta, kada a bar arahar tikiti ta sa ta. Kafin a bar asibitin kuma a karɓi rahoton tiyatar a rubuce, da hotunan ƙashi na bayan aiki, da takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da girmansa da lambarsa. Duk likitan da zai sake taɓa wannan gwiwar, ko bayan shekara goma sha biyar ne, ita zai fara nema.